Fatawa: Na rubuta labarin ƙawaye biyu da suka yi musayar jiki, yayana ya ce kafirci ne

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗaliba ce daga wani ƙauye a yankin Ringim, bana na gama sakandare ina jiran sakamako, kuma ina ɗan taɓa rubutun labari a waya ina turawa guruf ɗinmu na WhatsApp. Yanzu na fara wani labari na ƙawaye biyu 'yan aji biyar, ɗaya 'yar gidan mai hali ce babanta yana da shago da injin niƙa, ɗayar kuma 'yar talaka ce mai tallan awara, kullum ita 'yar talakar burinta ina ma ita ce a gidan ƙawarta. Sai rannan suka je gun wata tsohuwa 'yar bori a bayan gari ta ba su zobe da turare, da gari ya waye ruhin wannan ya koma jikin waccan, na waccan ya dawo jikin wannan. To a nan ne 'yar talakar ta ga abin da ake ɓoyewa a gidan, uwar ƙawar tata tana da taɓin hankali an kulle ta a ɗakin baya ana ce wa mutane tana garinsu tana jinya, kishiya ce ke juya gidan, baban kuma bashi ya yi masa katutu. Na kai fej 14 mutane sai yabawa suke, kawai yayana ya gani ya ce wai wannan kafirci ne tunda ruhi na Allah ne, kuma wai duk labarin ƙarya ne zunubi nake kwasa. Wallahi Malam na kasa bacci. Shi maganar uwar ba ni na ƙirƙira ba, wata ƙawata ce ta taɓa faɗa min halin gidansu tana kuka, amma na canza suna. Dan Allah in ci gaba ko in goge?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yata ki kwantar da hankalinki tukuna, ba ki kafirta ba. Yayan naki kishin addini ne ya ja shi amma ya yi gaggawa, wannan kalma ba a jefa ta haka kan musulma mai sallah, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa "ya kafiri" to lallai ɗayansu ya koma da ita. Ki nuna masa wannan amsar cikin ladabi, yayanki ne, ba gardama na ce ki je ki yi da shi ba.

Mu fara da maganar ƙarya. Ƙaryar da shari'a ta hana ita ce mutum ya faɗi abu saɓanin yadda yake yana so mai saurare ya ɗauka haka aka yi. Game da ƙagaggen labari kuwa malamai sun yi saɓani, akwai waɗanda suka hana suna kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa bone ya tabbata ga wanda yake ba da labari yana ƙarya don ya ba mutane dariya, kuma wannan fahimta ce ta malamai masu daraja ba abin rainawa ba ce. Amma abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne halacci da sharaɗi, saboda marubuciya da mai karatu duk sun san ba a yi abin ba, babu wanda aka yaudara. Ibnu Hajar Alhaitami a cikin Tuhfatul Muhtaj ya bayyana halaccin sauraron labarin da aka tabbatar ƙagagge ne matuƙar an nufi buga misali da wa'azi da koyar da hali nagari, ko an ɗora shi a bakin mutane ko a bakin dabbobi. Ga kuma Maƙamatul Hariri, maƙama 50, mai ita ya rasu a shekara ta 516 bayan hijira, labaran cikinta ƙagaggu ne amma har gobe malamanmu na zaure suna karantar da ita babu wanda ya ce zunubi suke kwasa. Ko kakarki in ta gama tatsuniya ai cewa take "ba don Gizo ba da na yi ƙarya", yara sun san wasa ne. Don haka ki rubuta a saman labarin ƙarara cewa ƙagagge ne, kuma ki riƙa maimaitawa, domin fej ana tura shi daga guruf zuwa guruf ya isa hannun wadda ba ta ga farkonsa ba.

Sai maganar ruhi, a nan yayanki yana da ƙamshin gaskiya. Allah ya ce a Suratul Isra'i aya ta 85, suna tambayarka game da ruhi, ka ce ruhi yana daga al'amarin Ubangijina, kuma ba a ba ku ilimi ba sai kaɗan. Abin da muka sani game da shi iyakarsa abin da wahayi ya faɗa. Hadisin Ibnu Mas'ud, na 4 a Arba'una Hadis wanda na tabbata kin haddace a Islamiyya, ya nuna bayan kwana 40 sau uku ake aiko mala'ika ya busa wa jariri ruhi a ciki, a rubuta arzikinsa da ajalinsa da aikinsa da kuma ɗan wuta ne ko ɗan aljanna. Suratuz Zumar aya ta 42 ta ce Allah yana karɓar rayuka lokacin mutuwarsu da waɗanda ba su mutu ba a cikin baccinsu, sai ya riƙe wanda ya hukunta wa mutuwa ya saki ɗayan zuwa ajali ambatacce. Saki zuwa ina? Zuwa jikinsa dai, ba jikin maƙwabciya ba. Kuma ki duba Suratu Yasin aya ta 65, ranar ƙiyama za a rufe bakuna, hannaye su yi magana, ƙafafu su ba da shaida kan abin da aka aikata. To in da ana aron jiki na sati biyu a dawo da shi, hannun nan a kan wa zai ba da shaida? Kin ga abin ba shi da gurbi a aƙidarmu.

Akwai wata aƙida da malamai ke kira tanasuhi, wato wai mutum in ya mutu ruhinsa yana komawa wani jikin ya sake rayuwa, a can ne yake samun sakamakonsa. Wannan aƙidar tana cikin addinin Hindu, shi ya sa take yawan fitowa a finafinan Indiya da yaranmu suka tashi da kallo, kuma Alƙali Iyad a cikin Ashafa ya lissafa masu ita cikin waɗanda suka kafirta domin ƙaryata tashin ƙiyama ne. Naki labarin ba shi ne tanasuhi ba, 'yan matanki da ransu, ba ki musa hisabi ba, kuma ke kanki ba ki yarda abin yana faruwa ba. Hukunci yana kan ƙudurcewa ne. Wadda ta yarda a zuciyarta cewa wani boka yana da ikon ciro ruhi ya sa a wani jiki, ita ce take cikin babban haɗari. Kar kuma a haɗa wannan da shafar aljanu, shi aljani wata halitta ce daban, in ya shafi mutum ruhin mutumin yana nan a jikinsa bai je ko'ina ba.

Abin da ba zan sassauta miki ba shi ne tsohuwar nan da zobenta da turarenta. Masu karanta ki yara ne 'yan 14 zuwa 17, wasunsu a unguwarsu akwai mai irin wannan sana'ar, ba sai sun shiga mota ba. Kin nuna yara sun je gun 'yar bori, aiki ya ci, buƙata ta biya, har alheri ya biyo baya tunda ta nan aka gano gaskiya, to ai talla kika yi mata kyauta. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ba ta kwana 40, sihiri kuma yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. Barin wannan ɓangaren yadda yake haramun ne. Mafita mai sauƙi ki mayar da musayar mafarki, mafarki babu ƙofar da ba ya shiga kuma ba ki taɓa aƙida ba. In kin ga mafarki zai kashe miki armashi to ki bar abin a matsayin almara zalla irin ta tatsuniya, sun kwanta sun tashi sun ga haka, ba boka ba tsafi ba wani bayani da zai yi kama da darasin addini, wannan ina ganin akwai sauƙi a cikinsa duk da na farkon ya fi min kwanciyar rai. Kar dai ki jingina wa Allah ko mala'ika ko wata aya cewa su suka yi musayar, faɗar abu game da Allah ba da ilimi ba ya fi zoben muni.

Ki kula da kunya kuma. Yarinya tana jikin ƙawarta a gidan da akwai uba da yayye maza, kar alƙalami ya zame zuwa siffanta jiki da wanka da abin da ba kya iya karantawa a gaban mahaifiyarki. Masu yin irin wannan labarin tsakanin namiji da mace kuwa, saurayi a jikin budurwa, wannan ban ga hanyar halaccinsa ba, ƙarshensa batsa ne.

Ita manufar labarin kuwa mai kyau ce, Allah ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 32 kar ku yi burin abin da Allah ya fifita sashenku da shi a kan sashe, yarinyar da take raina gidansu saboda ginin ƙasa ne tana buƙatar ta ji wannan.

Yanzu ga inda nauyin yake, kuma shi kika faɗa a ƙarshe kamar ba komai ba. Ƙawarki ta zo miki tana kuka ta buɗe miki cikinta, ke kuma kika zuba a guruf. Annabi (SAW) ya ce idan mutum ya faɗi magana sannan ya waiga to amana ce, Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wato waigen nan kawai da ya yi don kar wani ya ji ya isa ya mayar da maganar amana, ina ga wadda ta faɗa da hawaye? Kin ce kin canza suna. 'Yata a birni ne canza suna yake aiki, garin da masu injin niƙa ba su wuce biyu ko uku ba, kuma an san matar da aka daɗe ba a gani a biki da suna ba, wa kika ɓoye wa? 'Yan ajinku suna guruf ɗin, gobe wata za ta kai wa uwarta, uwar ta kai gidan biki, ƙawar taki tana gab da aure a fara cewa akwai hauka a danginsu manema su janye, kin san halin mutanenmu a kan wannan ciwon. Wannan ya haɗa cin amana da giba da tona asirin musulmi, giba ai ba sai an ambaci suna ba, in dai mai ji ya gane wa ake nufi ta tabbata. Kuma haƙƙin bawa ne, istigfari kaɗai ba ya wanke shi kamar yadda yake wanke kuskuren da ke tsakaninki da Allah. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Don haka ki dakatar da turawa daga yau. Ki goge fejin da suka taɓa maganar uwar a duk inda hannunki zai kai, ki roƙi masu kula da guruf su goge nasu ba tare da kin faɗa musu dalili ba, domin faɗar dalilin ma wani tonon ne. In za ki sake ginin labarin ki canza matsalar gidan gaba ɗaya, sana'ar uban, yawan matan, irin ciwon, yadda ko ita ƙawar taki ta karanta ba za ta ga gidansu ba. Idan labarin ya riga ya kai kunnenta ki je da ƙafarki ki ba ta haƙuri, kar ki tsaya kare kai. Idan bai kai ba, wasu malamai irin su Ibnu Taimiyya suna ganin ba sai an sanar da wanda aka yi giba da shi ba in sanarwar za ta ƙara masa ciwo, sai a tuba a yi masa addu'a a ambace shi da alheri, ki yi hakan.

Sannan akwai baiwar Allah da take kulle a ɗaki, ita ba ƙagaggiya ba ce. Rufa asiri ba ya nufin a bar mara lafiya ba magani, kuma kai magana ga wanda zai iya gyara ba giba ba ce, Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan gun Annabi (SAW) kan ƙarancin ciyarwa bai ce ta yi giba ba. Taɓin hankali ciwo ne da ake magani, ga asibitin masu wannan lalura a Kazaure ga na Dawanau a Kano, mutane da yawa suna samun sauƙi su koma harkokinsu in ana shan magani yadda likita ya ce, kuma ruƙiyya ta shari'a da asibiti ba sa karo, a haɗa su. Ke yarinya ce, kar ki je gaban uban, ba hurumin ki ba ne. Ki zauna da ƙawarki ki ƙarfafa mata gwiwa ta gaya wa kawunta ko wata gwaggo daga dangin uwar, su ne masu haƙƙin tambaya. In babu mai tsayawa a dangi to da izininta ki faɗa wa mahaifiyarki ta kai wa limamin garinku a asirce, shi ya san yadda zai tunkari maigidan, in ta kama a sa mai unguwa ko dagaci sai a sa.

Wallahu a'alam.