Amsa ga Kawu kan zanen yaƙi

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, na saurari muryar da ka aiko bayan la'asar, inda kake tambaya ko akwai zanen da ya taɓa tsayar da harsashi, kuma me zai sa mu mutanen Marwa mu tsaya kallon zanen Bature alhali mun ga abin da idonmu. Kowa ya san fenti ba ya tare bindiga, saboda haka na ɗauka ainihin tambayarka ita ce ko wanda ya riga ya ga jini a bakin kasuwa yana da sauran abin da zane zai gaya masa. Ni kuwa ina da yaƙinin yana da shi, watakila ma fiye da kowa.

Zanen da na turo sunansa Gernika, sunan wani ƙaramin gari ne a arewacin Sifen. Ranar 26 ga Afrilu 1937, wadda ta kama Litinin, ranar cin kasuwar garin, jiragen Jamus da na Italiya masu taimakon Janar Faranko a yaƙin basasar Sifen suka yi wa garin ruwan bama-bamai. Mai zanen, Pikaso, ɗan Sifen, yana Faransa labari ya iske shi, kuma cikin 'yan makonni ya gama zanen. Faɗinsa ya kusa mita 8, tsayinsa mita 3 da rabi, sai dai a waya ba za ku ji wannan girman ba. Babu launi a cikinsa sai baƙi da fari da ruwan toka. Ku dubi gefen hagu, akwai mace ta ɗaga kai sama, baki buɗe, gawar ɗanta a hannunta, wuyan yaron ya lanƙwashe. A tsakiya doki ne yake ihu, a ƙarƙashinsa mutum kwance da karyayyen takobi, can dama kuma wata ta ɗaga hannuwa wuta tana cinta.

Yanzu Kawu, ka nemo mini jirgi a cikin zanen nan. Babu jirgi, babu tuta, babu fuskar wanda ya jefa bam ɗin, kuma ni a nan nake ganin ƙarfinsa yake. Da ya zana jiragen Jamus, da labarin ya tsaya a Sifen. Da ya bar uwa da ɗanta kawai, sai ya zama duk wanda ya je kasuwar Marwa ranar da bam ya tashi, 22 ga Yuli 2015, ko wanda yake da ɗan'uwa a babbar kasuwar Njamena ranar nata harin, 11 ga Yulin 2015, zai kalli matar ya san ko wace ce, ba sai an yi masa bayani ba. Goya ma, ɗan Sifen ne shi ma, a 1814 ya zana yadda sojojin Faransa suka harbe mutanen Madrid ranar 3 ga Mayu 1808, ya juya wa sojojin baya ba a ganin fuskokinsu, hasken fitila duk ya zuba a kan mutum ɗaya mai farar riga da ya ɗaga hannuwa.

Abin da ya daɗe yana cina a rai shi ne bidiyon gawarwaki da ake turowa cikin wannan zauren, kuma na yi magana a kai tun ba yau ba aka ce na cika tsanani. Ana turo shi tsakanin gaisuwar Juma'a da tallan atamfa, mutum ya kalla yana cin abinci, ya rubuta innalillahi, ya tura gaba. Wanda ke kwance a bidiyon ɗan wani ne, ba a rufe shi ba, ba a nemi izinin uwarsa ba, kuma su masu kisan abin da suke so ke nan, mu yaɗa musu tsoro kyauta da kuɗin datarmu. Yawan kallon ma kashe zuciya yake yi, har yaranmu sun daina kau da kai. Mai zane ba ya tona asirin gawar kowa. Yana zama ne kwana da kwanaki yana zaɓen abin da zai nuna da abin da zai rufe, shi ya sa mai kallo ma yake tsayawa.

Batun hukuncin zana mai rai da Malam ya taɓo, wannan na bar wa malamai, ba fagena ba ne.

Amma cewa abin na Turawa ne, wannan ban yarda ba. A 2015, a sansanin Darussalam kusa da Baga Sola a ƙasar Chadi, an ba yaran da suka gudo daga Najeriya takarda da fensir mai launi, suka zana bindigogi da gidaje suna ci da wuta da mutane kwance cikin jini. Babu wanda ya koya musu Pikaso. Yaron da bakinsa ya kasa faɗa, hannunsa ya faɗa, kuma manyan da ke kula da su ta nan suka gane abin da ke hana shi barci.

Na dawo kan harsashin naka, Kawu. Akwai Gernika a ƙofar zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato ba ainihin zanen ba, kwafinsa ne da aka saƙa, na ainihin yana Madrid tun da aka kai shi Sifen a 1981. A Fabrairun 2003, lokacin da Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka a lokacin, ya je kare shirin Amurka na yaƙar Iraƙi, sai aka rufe shi da shuɗin labule. Jami'ai sun ce don kyamarorin talabijin su sami bango mai kyau ne. Ni dai ina ganin da wuya mutum ya tsaya gaban uwar nan da ɗanta yana bayanin amfanin jefa bam. Yaƙin an yi shi, ban musa ba, labulen kuma an sa shi.

Zan turo na Goya bayan isha'i, kuma ina roƙon shugaban zaure ya sake duba maganar bidiyon nan.