Ganyen darbejiya ba ya ratsa jakar ƙwan kyankyaso

Ka ce wata baiwar Allah a unguwarku ta kira ka aiki, tana da jariri ga kuma yaro mai ciwon asma, ta ce kada a yi mata feshi, shi ne kake tambaya ko ganyen darbejiya da tafarnuwa da kafur za su raba ta da kyankyasai kamar yadda ka gani a waya. Matar nan ta yi hankali da ta ƙi feshi. Amma abubuwa ukun da ka lissafa babu wanda zai gama mata aiki. Wari korar kyankyaso yake yi daga wannan lungu zuwa wancan, ba kashe shi ba. Kafur kuwa kada ka bari ya kwana a ɗakin mai jego. Akwai jariran da yake farfasa wa ƙwayoyin jini ya jawo musu shawara mai tsanani, yaro mai rarrafe kuma in ya tsince shi baki zai kai.

Abin da ya ɓata min rai da tambayarka, ba ka ma faɗa min wane kyankyaso ba ne. Shekara nawa kana goya min tankin feshi? Akwai babban nan ja mai tashi sama lokacin zafi, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan Amurka. Shi gidansa masai da sokawe da kwata, dare ne ke kawo shi ɗaki. Akwai kuma ƙaramin mai ruwan ƙasa da zane biyu baƙaƙe a ƙeyarsa, wanda suke ce wa na Jamus. Shi a kicin aka ƙyanƙyashe shi, a kicin zai mutu: bayan firij inda inji ke ɗumi, cikin tsohon kwali, cikin gidan wuta na bango. Babban, in ka toshe masa hanya ka ci rabin yaƙi. Ƙaramin shi ke sa mai sana'a furfura. Macensa tana yawo da jakar ƙwai a gindinta, ƙwai 30 zuwa 40 a jaka guda, ba ta sauke ta sai ana dab da ƙyanƙyasa, wajen kwana 28. Ta babban ƙwai 14 zuwa 16 ne a ciki, uwar ta manna ta a lungu ta tafi, sai bayan wata ɗaya da rabi zuwa biyu 'ya'yan su fito. Jakar nan tauri gare ta, ko maganin kanti ba ya ratsa ta, balle ruwan ganye.

Wannan jakar ce ta jawo min asarar da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Wani mai gidan burodi ne a nan cikin Kano, lokacin buhun siminti bai kai naira dubu biyu ba. Da ƙafarsa ya biyo ni har gida, don an fara dawo masa da burodi da ƙafar kyankyaso a ciki, yana tsoron duba-gari su garƙame masa wuri. Na shiga da tocila bayan isha'i, na ɗaga buhun fulawa ɗaya, wallahi bangon motsi yake yi. Na ce masa, Alhaji, ni ba na feshi inda ake kwaɓa abin da Musulmi za su ci. Aiki ne na wata biyu. Za su ragu, sannan za ka ga ƙanana sun fito fiye da da, kada ka tsorata, ƙwan da ke ɓoye ne ya fashe, su ma za su ci abin da iyayensu suka ci. A gaban manajansa da masu kwaɓi biyu na faɗi haka. Ya ce ya ji ya yarda. Ya ba ni rabin kuɗi, rabi sai an gama.

Rabin nan ko siminti da magini bai isa ba. Daga aljihuna na kawo mai gyaran famfo ya ɗaure bututun da ke ɗiga a ƙarƙashin wurin kwaɓi, wanda shi ne rijiyarsu. Na sa kafinta ya buga katakon da za a ɗora buhuna su bar ƙasa. Muka fitar da tsofaffin kwalaye muka ƙone. Duk wata tsaga ta bango da gindin tanda muka liƙe, na bi lungu-lungu na ajiye haɗina, wato abinci mai guba marar wari da nake kwaɓa wa kyankyasai. Ba a rufa mako biyu ba masu kwaɓin da kansu suka ce min dare ya yi musu daɗi.

Sai ƙananan suka fito, daidai yadda na faɗa. Alhaji ya gan su, hankalinsa ya tashi, bai kira ni ba. Wani ɗan ƙanin matarsa, yaro sa'anku amma bai taɓa koyon komai a hannun kowa ba, ya ce masa ai an cuce shi, ba a taɓa ganin maganin ƙwari marar wari ba. Ya haɗa fiya-fiya da kananzir a jarka, ya bi dare ya watsa wa wurin gaba ɗaya, har kan abincin da na ajiye musu. Da safe aka share gawa cike da kwandon shara, Alhaji ya tara mutane suna kallo, wai ga aikin dare ɗaya. Mafi yawan waɗanda suka faɗin tuni haɗina ya gama da cikinsu, da ƙyar suke jan ƙafa. Masu lafiyar suka haye silin, wasu suka tsallaka kantin maƙwabci. Abincin da na ajiye ya ɗauki wari, babu kyankyason da zai sake kusantarsa. Fulawa kuma ta sha kananzir, kwaɓin kwana guda ya tashi a banza.

Ka san wa aka ɗora wa? Ni. Wai maganina ne ya lalata fulawa. Ya hana ni cikon kuɗina, ya ce ma ni ke da biyan buhunan. Muka je gaban mai unguwa. Shaidun nawa a ƙarƙashinsa suke cin abinci, kowa ya sunkuyar da kai. Aka ce a yi haƙuri, kowa ya ɗauki asararsa. Shi asarar kwaɓi ɗaya, ni fa? Magini da mai famfo da kafinta ƙofar gidana suka sani. Sai da na sayar da babur ɗina na sallame su. Wannan duk bai kai ɓata suna ciwo ba. Ya bi masu gidajen burodi yana cewa gari da sukari nake zuba wa mutane ina karɓar kuɗi, ayyukan da aka riga aka yi min alkawari suka zube ɗaya bayan ɗaya. Kafin damina ta fita kyankyasai sun dawo masa sun fi na da, ya aiko a ba ni haƙuri in koma, amma ba da cikon kuɗina ba. Ban je ba. Na bar shi da Allah, kuma ban yafe ba.

To ka ji. Kafin ka taɓa komai a gidan matar nan, ka zaunar da ita da maigidanta ka faɗa musu ƙanana za su fito bayan makonni, kuma ranar da wani ya fesa ko da abin sauro ne a kan aikinka, ka cire hannu. A rubuta a takarda, shaida kuma ya zama wanda ba ya cin abinci a gidan. Kuɗin kaya duka a hannu tukuna.

Ba zan tsaya koya maka shara da wanke-wanke da rufe abinci ba, wannan ko 'yar talla ta sani. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ruwa ya fi abinci muhimmanci a wurinsa. Kyankyaso yana iya yin kusan wata bai ci ba, amma ƙaramin nan da wuya ya wuce mako ba ruwa. Ka nemo inda yake sha: famfo mai ɗiga, gindin randa, tiren bayan firij, soson wanke-wanke da aka bari a jiƙe. Ka busar da waɗannan, ƙishi da yunwa su kora maka shi kan haɗinka.

Haɗin kuwa hodar borik ce, wadda ake samu daga gishirin ƙasa, masu sayar da kayan kemikal suna da ita. Kashi ɗaya nata, kashi uku na fulawa da sukari, ɗan ruwan albasa ko madara a kwaɓa, a mulmula ƙanana. Kada ka cika hodar don zalama, in ta yi yawa ƙin ci yake yi. Ba ta kashewa nan take, kwanaki take ɗauka tana cin cikinsa, kuma can maɓoyarsa yake mutuwa, 'yan uwansa su ci gawarsa da kashinsa su bi shi. In za ka barbaɗa ta tsura a tsaga, sama-sama yadda ido da ƙyar zai gani, a busasshen wuri. In ka tara ta tsibi kewaye ta zai yi. Kuma kada rashin warinta ya ruɗe ka, guba ce. A gida mai yara ka sa ta cikin kwalin ashana mai ɗan rami, ka tura can bayan firij da ƙarƙashin kabad inda hannun yaro da kaza da mage ba sa kaiwa, ka ƙirga nawa ka ajiye don ka kwashe su cif. Wanda ka gani ido da ido, ruwan sabulu mai kauri ya ishe shi, ta gefen jiki yake numfashi, kumfar ke toshe masa.

Darbejiya tana da amfani, amma ƙarfin a ƙwallon 'ya'yan yake, ba a ganye ba. Ka shanya, ka ɓare, ka daka, ka jiƙa ya kwana, ka tace, ka ɗan sa sabulu. Yana hana ƙanana saɓa fata, wanda bai saɓa ba kuwa ba zai girma ya haihu ba. Rana tana kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, sai an maimaita. A bakin kwata da bayan gida nake sa shi, nesa da haɗin borik, don ɗacinsa kore su yake yi daga abincin. Ɓawon kokwamba da hodar kek da kuke gani a bidiyo, masu neman mabiya ne ke wasa da hankalinku. Ku yaran yanzu kun fi yarda da wanda ba ku san fuskarsa ba a kan wanda kuka ga aikinsa da idonku, kuma kuna son a gama komai kafin la'asar.

Kada in ji ka taɓa Sniper a cikin ɗaki. Maganin gona ne, tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kantuna da bakin kasuwa. Ƙwayar nan ta adana wake da masara ta fi shi sharri, iskarta ta sha kashe mutanen gida suna barci. Ranar da na ji ka sa ta a gidan mutane, ka nemi wani ubangidan.

In babban ja ne a gidan, wuce kai tsaye bayan gida. Masai ya samu murfi mai kamawa, a riƙa zuba toka, bututun iska a ɗaure masa raga a baki, ramin wanka a rufe shi da dare, marfin sokawe in ya tsage a shafe da siminti. In gidan haya ne mai masai ɗaya, ɗakinta kaɗai ba zai gyaru ba, dole mai gidan da sauran 'yan haya su shigo ciki. In sun ƙi, ka faɗa mata gaskiya ka bar aikin, kada ka karɓi ko sisinta.