Haɗaɗɗen bugu: a buɗe masa katinsa daban

Wa alaikumus salam Malama. Tambayarki ita ce, in littafi ya fito kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, daga baya aka haɗe su a bango ɗaya, shin a liƙa shi a katin na ɗaya ne a katalog ko a buɗe masa nasa? Buɗe masa nasa, kada ki yi wata-wata. Abin da ke hannunki shi kike siffantawa, kuma wannan yawan shafukansa daban, shekararsa daban. In kika haɗe su a kati ɗaya, mai neman na ɗaya zai ga shafi 600 a littafin da bai kai 100 ba, lissafin kwafin da ke kan kanta ma ya rikice.

Tunda Koha, manhajar ɗakin karatu, kuke amfani da ita, ga yadda za ki bi filayen MARC, wato tsarin shigar da bayanan littafi inda kowane fili yake da lambarsa. A 245, filin sunan littafi, ki kwafi sunan da ke shafin take na ciki, na bango yakan zo da ƙarin kalmomin talla. In babu suna ɗaya da ya tattara su, ki jera sunayen yadda suka zo. Sai 505, filin abubuwan da ke ciki, nan ne ruhin aikin: ki rubuta duk abin da ke ciki bi da bi, kina raba su da gajerun layuka biyu (--). Filin yana da gurbin alama biyu a farkonsa; alamar farko ki sa 0 in kin lissafa duka, 2 in kaɗan kika zaɓo. Amma 505 kaɗai ba ya ɗaure littafin da marubucinsa, don haka kowane aiki ki ba shi 700 nasa, wato filin ƙarin sunayen mutane: sunan marubuci, sunan aikin a ƙaramin fili $t, alama ta biyu 2. Mutane na ƙyuyar wannan mataki, shi ya sa labarai ke nutsewa a cikin kundi ba mai ganinsu.

Kada ki rikita wannan da littafi mai juzu'i, irin Magana Jari Ce na Abubakar Imam da ya fito littattafai uku, kowanne da bangonsa. A nan suna ɗaya ne, lambar juzu'i kawai za ki sa a $n.

Kundin waƙoƙi kuma, in na mawaƙi ɗaya ne, shi ke shiga 100, filin babban marubuci, wanda ya tattara ya koma 700 ko da sunansa ya fi girma a bango. In mawaƙan da yawa ne, ki bar 100 fayau. Shekarar wannan bugun ke shiga 264, filin bayanin bugu, ta asali ki ambata a 500, filin ƙarin bayani.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya. Lambar Najeriya 978 ce, kuma tun 2007 da aka koma lamba 13 ake fara ta da 978, shi ya sa namu ke fitowa 978-978. Tsohuwa mai lamba 10 da ta fara da 978 ba guntuwa ba ce, kada ki cike ta da ka. Sannan wasu masu bugawa kan maimaita lambar na ɗaya a haɗaɗɗen, manhaja ta ɗauka littafi ɗaya ne ta danne wani da wani lokacin shigo da bayanai. Irin wannan ki sa ta a 020, filin ISBN, ƙarƙashin $z, gurbin lambar da ba ta inganta ba. Littattafan kasuwar Kano da yawa ba su da ita sam, a bar filin haka.

In sunan yana da ƙ, ɗ ko ɓ, ki ƙara 246, filin wani salon rubuta sunan, da rubutun da babu lanƙwasa, don yawancin masu nema da waya suke bugawa, k da d da b suke sawa.