Tocfad ya ƙi aiki bayan an koma Linux: amsoshin tambayoyinku

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da Microsoft ta janye tallafinta ga Windows 10, mutane da dama suka fara leƙa Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta da ake sawa a madadin Windows. Windows 11 na neman TPM 2.0 (wani sashen tsaro a cikin kwamfuta) da furosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama, alhali da yawa daga cikin laftof na hannu da ke kasuwanninmu sun girmi wannan sharaɗi. Wanda ya sa Ubuntu ko Linux Mint, nau'o'in Linux biyu, kuwa, cikin abubuwan da sukan fara yi masa gardama akwai tocfad, wato ɗan faifan nan da ke gaban madannai wanda ake shafawa da yatsa a madadin maus. Tambayoyin wannan makon duk a kansa suke.

Salamu alaikum. Na sa Ubuntu 22.04 a laftof ɗina, komai na tafiya daidai, amma tocfad ko motsi ba ya yi. Maus na USB yana aiki, kuma a Windows lafiyarsa lau. Ina mafita? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda yana aiki a Windows, ƙarfen bai mutu ba, ka kwantar da hankalinka. Amma kafin ka rubuta umarni ko ɗaya, ka san cewa shafar yatsanka tana ratsa matakai uku kafin kibiya ta motsa a allo. Akwai tocfad ɗin kansa tare da BIOS, manhajar da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta. Akwai kanel, zuciyar Linux, inda direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa kayan kwamfuta, suke zaune. Sannan akwai libinput, manhajar da ke mayar da shafa ta zama motsi ko dannawa. Aikinka na farko shi ne gano matakin da saƙon ya maƙale, domin ba a shan magani sai an san ciwo.

Fara da abin da ba ya cin komai. Laftof da yawa suna da maɓallin kashe tocfad a layin F1 zuwa F12, mai ɗan zanen faifai, ana danna shi tare da Fn. Ka leƙa BIOS ma: wasu samfuran Acer suna da zaɓin Basic da Advanced a ƙarƙashin Touchpad, kuma sauya shi kaɗai yakan wadatar. In har Windows na nan a gefe, ka shiga ka kashe Fast Startup, saboda yana hana kwamfuta mutuwa gaba ɗaya, sai Linux ya tarar da wasu kayan a halin da Windows ya bar su.

In duk wannan bai yi ba, danna Ctrl, Alt da T tare, taminal, wurin rubuta umarni, zai buɗe. Rubuta:

cat /proc/bus/input/devices

Ka bi jerin a hankali kana neman kalmar Touchpad. Suna irin SynPS/2 Synaptics TouchPad ko ETPS/2 Elantech Touchpad na nufin naka yana magana ta tsohuwar hanyar PS/2, kuma direbansa psmouse ne. Sunan da ya fara da ELAN ko SYNA da lambobi a bayansa, mai Bus=0018, yana kan sabuwar hanyar I2C, wadda i2c_hid_acpi da hid_multitouch suka fi riƙewa. Ka rubuta abin da ka gani a takarda, domin duk gyaran da zai biyo baya a kansa ya dogara.

Idan sunan ya fito, kanel ya ga tocfad ɗinka. Sai ka sa libinput-tools da sudo apt install libinput-tools, ka rubuta sudo libinput debug-events, ka shafa yatsa. Rubutu ya riƙa zubowa? To saƙo na isowa, matsalar tana cikin saitin Mouse & Touchpad ne kawai. Idan kuma PS/2 Generic Mouse ka gani, kanel ya ɗauke shi a matsayin maus na gama-gari, shi ya sa yatsu biyu ba za su ja shafi ba.

Hasashena dai sunan ba zai fito ba sam. Rubuta uname -r don ganin lambar kanel ɗinka. Ubuntu 22.04 ya fara fitowa ne da kanel 5.15, wanda aka saki a ƙarshen Oktoban 2021, kuma duk laftof ɗin da aka ƙera bayan nan tana iya zuwa da tocfad ɗin da wannan kanel bai san da zamansa ba. Idan 5.15 ka gani, rubuta sudo apt install linux-generic-hwe-22.04 ka sake kunna kwamfutar. Hanya mafi aminci ma ita ce ka ɗora Ubuntu 24.04, wanda ya fara fitowa da kanel 6.8, a filashi, ka tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da ka girka ba. In tocfad ya motsa a can, ka samu amsarka.

Akwai misalin da ya shahara. Wasu Lenovo IdeaPad masu IIL a lambar samfurinsu sun daɗe tocfad ɗinsu ba ya fitowa a Linux, saboda saɓani tsakanin bayanan da BIOS ke bayarwa da yadda kanel ke raba wa kayan aiki gurabe. Mutane suka riƙa ƙara pci=nocrs a layin tayar da kanel, har aka shigar da gyaran a 5.19. Masu PS/2 kuma i8042.reset, i8042.nomux ko i8042.nopnp sukan taimaka musu. Roƙona a nan ɗaya ne: kar ka fara da rubuta su a fayil. Lokacin kunnawa ka riƙe Shift ko ka danna Esc har GRUB, jerin zaɓin tayar da Linux, ya fito, danna e, je ƙarshen layin da ya fara da linux, ƙara kalma guda ɗaya, danna F10. Gwajin na wannan kunnawar ne kawai, in ya ɓata wani abu, kashewa da kunnawa ya share shi. Sai wadda ta yi aiki za ka saka a /etc/default/grub kusa da quiet splash, ka bi ta da sudo update-grub. Na sha karɓar kwamfutar da aka jibga mata irin waɗannan kalmomi biyar a lokaci guda, har mai ita bai san wacce ta gyara ba, wacce kuma ta kashe masa madannai.

Malam, ina amfani da Linux Mint. Tocfad na aiki, amma da zarar na rufe murfin laftof na buɗe sai ya sandare, sai na kashe na kunna. Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Malama, wannan tsohuwar cuta ce. Idan kwamfuta ta yi barci ana yanke wa tocfad wuta, in ta farka kuma wani lokaci direba ba ya tashinsa yadda ya kamata. Ba sai kin kashe kwamfutar ba. Ki duba irin naki kamar yadda na bayyana wa ɗalibin Zariya. In PS/2 ne, ki rubuta sudo modprobe -r psmouse, sannan sudo modprobe psmouse. In I2C ne, ki sa i2c_hid_acpi a gurbin psmouse. Umarnin farko ya sauke direban, na biyu ya dawo da shi.

Idan hakan ya farkar da shi, za ki iya ɗora wa kwamfutar wannan aikin. Ki ƙirƙiri fayil mai suna tocfad a cikin /usr/lib/systemd/system-sleep/ ki rubuta:

#!/bin/sh
test "$1" = "post" || exit 0
modprobe -r psmouse
modprobe psmouse

In naki I2C ne, a nan ma ki sa i2c_hid_acpi a gurbin psmouse. Sai ki ba shi izinin gudana da sudo chmod +x tare da cikakken sunan fayil ɗin. Duk lokacin da kwamfutar ta farka, systemd zai kira shi. Wannan ɗaurin karaya ne kafin a je asibiti, don haka ki buɗe Update Manager, ki shiga Linux Kernels a ƙarƙashin View, ki gwada sabon kanel, wataƙila an riga an gyara.

Yallaɓai, kibiyar tawa tsalle take yi ita kaɗai, tana danna abin da ban danna ba. Na sake girka Linux sau biyu, ba ta daina ba. Wane direba zan sauke? Daga mai shagon buga takardu a Kano.

Alhaji, kar ka sake girka komai tukuna. Zare caja daga jikin laftof ɗin, ka yi aiki da batir na minti goma. Idan kibiyar ta natsu, direba ba shi da laifi.

Tocfad yana gane yatsa ne ta hanyar auna ɗan canjin lantarki ƙanƙane a samansa. Caja marar kyau, ko soket ɗin da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba, yana shigo da hayaniyar lantarki da ta isa ta rikita wannan awo, sai tocfad ya ɗauka yatsu ne ke yawo a kansa. Shago irin naka da ke yini a kan janareta ko inbata ya fi kowa haɗuwa da wannan. Ka gwada caja ta asali mai ƙafa uku a soket mai wayar ƙasa. Danshin gumi a yatsa ma yana sa shi ruɗewa, musamman a watannin zafi.

Abu na biyu ya fi damuna. A laftof da yawa batir yana kwance ne a ƙarƙashin tocfad. Idan ya tsufa ya kumbura, yakan turo faifan sama. Ka kalli laftof ɗin daga gefe: in tocfad ya ɗago, ko dannawa ta yi tauri, ko gindin ya daina zama daidai a tebur, ka kashe ta, ka cire caja, ka kai wa mai gyara ya sauya batir ɗin. Kada ka matsa shi, kada ka huda shi, kumburarren batir yana iya kama wuta.

In kuma tsallen sai kana rubutu yake faruwa, tafin hannunka ne ke gogar faifan. Kunna Disable while typing a cikin saiti.

Dannawar dama ba ta aiki a Ubuntu ɗina. Na ga an ce a sa xserver-xorg-input-synaptics, na sa, yanzu saitin tocfad ya ɓace gaba ɗaya. Daga wani mai karatu a Kumasi.

Ɗan'uwa, an yi gyaran gangar Auzinawa. Shawarar da ka bi ta yi amfani a zamaninta, lokacin da synaptics ne direban kowa. Amma libinput, wanda Peter Hutterer na kamfanin Red Hat ke jagoranta, ya kai fitowa ta 1.0 tun 2015, kuma GNOME, fuskar da kake gani a allon Ubuntu, ya daina kula synaptics tun 3.20. Idan an girka su biyun a kan X11, tsohon tsarin zana allo na Linux, synaptics ne ke ƙwace tocfad, GNOME kuma ba ya jin yarensa, shi ya sa saitin ya ɓace. Cire shi da sudo apt remove xserver-xorg-input-synaptics, ka tabbatar xserver-xorg-input-libinput na nan, ka fita daga asusunka ka sake shiga.

Dannawar damanka kuwa tun asali ba ta lalace ba. Daga GNOME 3.28, a tocfad marar maɓallai na daban, danna faifan da yatsu biyu shi ne dannawar dama. Idan ka fi sabawa da kusurwar ƙasa ta dama, rubuta:

gsettings set org.gnome.desktop.peripherals.touchpad click-method areas

Duk lokacin da ka ci karo da umarni a intanet, ka duba shekarar da aka rubuta shi. Ka kuma rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE ka ga inda kake. In ya ce wayland, wato sabon tsarin da ke maye gurbin X11, shawarwarin xinput da xorg.conf ba za su taɓa tocfad ɗinka ba.

Jiya yana aiki, na yi sabuntawa da dare, yau ya mutu. Daga wata ɗaliba a Sakkwato.

'Yar'uwa, mai yiwuwa sabon kanel ne ya zo da kuskure. Tsohon yana nan, ba a goge shi ba. Ki shiga GRUB, ki zaɓi Advanced options for Ubuntu, ki tashi da kanel ɗin da ke ƙasa da sabon. In tocfad ya dawo, ki ci gaba da aiki da shi.

Amma don Allah kar ki tsaya nan. Ki koma kan kanel mai matsalar da maus na USB, ki rubuta ubuntu-bug linux. Zai tattara bayanan kwamfutar ya buɗe miki shafin Launchpad, inda ake kai rahoton matsalolin Ubuntu. Ki faɗi samfurin laftof ɗin, lambar kanel ɗin da ke aiki da ta wanda ba ya aiki, da Turanci mai sauƙi, jimla uku ma sun isa. Masu rubuta direbobin nan ba su da kowace irin laftof a gabansu, kuma waɗannan lambobi biyu su ne ke nuna musu tsakanin inda za su nemi canjin da ya jawo matsalar. Idan suka turo miki kanel na gwaji, ki gwada ki ba su amsa.