Hukumomin hana wariya da haƙƙin iyaye

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hukumomin hana wariya suna riƙe kowa daidai, har da iyaye. A ganina ba sa yi, kuma sau da yawa laifin na dokar da ta kafa su ne.

Hukuma ba ta wuce abin da aka rubuta mata. A Birtaniya, dokar daidaito ta 2010 ta haramta wariya a kan abubuwa 9, ciki har da addini, naƙasa, juna biyu da jego. Zama uwa ko uba ba ya cikinsu. Uban da aka hana ƙarin girma don yana tashi da wuri ya ɗauko yara daga makaranta, sai dai ya kewaya ya kai ƙara da sunan wariyar jinsi, in ma an saurare shi. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. A ƙasar Ayalan (Ireland) kuwa, dokar daidaito a wurin aiki ta 1998 ta saka matsayin iyali, wanda ya haɗa da zama uwa ko uba, a jerin.

Batun ilimi daban ne. Sashe na 26 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 ya ba iyaye fifiko wajen zaɓar wa 'ya'yansu irin karatun da za su yi, amma idan rikici ya taso a kan wannan, yawanci a kotu ake warware shi.