Zama a ƙaramar unguwa a Gusau

Ɗan'uwa, ka ce an turo ka aiki Gusau, kana son kama haya a ƙaramar unguwa, amma ana ce maka garin ya mutu tun da masaƙa ta tsaya.

Bai mutu ba, abin da ke riƙe da shi ne ya canza. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920, auduga da gyaɗa suka ɗaga garin, har aka kafa masaƙa da kamfanin matse mai. Da suka durƙushe, zama babban birnin jihar Zamfara tun 1996 ne ya tallafe shi. Yanzu albashi da kasuwa ke juya komai. In wata ya yi nisa, har mai shayi sai ya ji a jikinsa.

A unguwa kuwa, kowa zai san ka kafin ka gama sauke kaya. Za ka tarar da dattawa a majalisa bayan la'asar, wasunsu tsofaffin ma'aikatan masaƙa ne. Ka tsaya ka gaishe su, su ne za su faɗa maka mai gidan hayar da ba shi da rigima. In an yi suna ko rasuwa, ka leƙa, ana lura.

Kafin ka biya, tambayi ruwa: akwai rijiya ko burtsatse, ko kullum sai 'yan garuwa? Duba lungun ko ruwa na cika shi da damina. Haya ma ta ɗan hau, don mutanen ƙauyuka da rashin tsaro ya koro sun shigo gari. Ni dai zan fara duba Tudun Wada ko Samaru.