Ciki ya kai, naƙuda shiru: amsoshin wasiƙunku

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato ciki ya cika wata tara amma haihuwa ba ta zo ba. Zan fara da wadda ta fi taɓa min zuciya.

Wata yarinya daga Garin Malam ta rubuto: "Tanti, cikin fari ne gare ni, ina goyon ciki a gidanmu. A karnena an rubuta sati 40 zai cika ranar Talata. Sajfam (ungozomar likita) ta ce in na koma awo za ta sa yatsa ta taɓa bakin mahaifa don naƙuda ta taso. Tsoro nake ji, kunya kuma ta hana ni tambayar ta. Zai cutar da yaron? Akwai abin da zan saya in tafi da shi?"

Ƴata, kwantar da hankalinki, Allah ya raba lafiya. Abin da ta faɗa miki sananne ne a ɗakin haihuwa, ma'aikata suna kiransa dekolman da faransanci. Yaron yana cikin faya, fayar kuma tana manne da bangon mahaifa ta ƙasa. Sajfam za ta sa safar hannu mai tsabta, ta shigar da yatsa ta bakin mahaifa, ta zagaya a hankali don ta ɗan raba fayar da bangon. Wannan rabawar ce ke sa jikinki ya saki sinadarin da ake kira furostagilandin, wanda shi ne dama ke tausasa bakin mahaifa ya tada naƙuda. Ba allura, ba ƙwaya, ba yanka. Yatsan ba ya kai ga yaron, faya na tsakani. Aikin minti kaɗan ne, ki tashi ki koma gida.

Ba zan ɓoye miki ba, babu daɗi, wasu ma har zafi suke ji. Bayan an gama kina iya ganin ɗan ɗigon jini ko majina, mara ta riƙa murɗawa tana saki. Wani lokaci faya na fashewa. In kin ji zafin ya fi ƙarfinki ki ce ta dakata, haƙƙinki ne, kuma ba a yin sa sai da yardarki. In bakin mahaifa a rufe yake gam, yatsa ba zai shiga ba, sai dai ta ɗan murza wajen ta ba ki wata rana.

Kada kuma ki ɗauka tabbas ne. A 2020 masana sun tattara bincike 44 da aka yi a kan mata 6,940, suka ga cewa cikin waɗanda aka yi wa, kusan 72 cikin 100 naƙuda ta zo musu da kanta, waɗanda ba a yi wa ba kuma kusan 60. Taimako ne, amma ƙarami. In zai yi aiki, galibi cikin kwana biyu ake gani, kuma ana iya maimaitawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi don rage yawan matan da sai an sa musu maganin naƙuda. Ba a yin sa ga wadda mabiyi ya tare mata bakin mahaifa, ko wadda ke zubar jini ba a san dalili ba, ko in yaron ya zo a gicciye ko da ƙafa. Don haka ki tafi da karnenki da takardar ekografi, wato hoton ciki, in kin taɓa yi. Abin saye kuwa, in ba safar hannu suka rubuta miki ba, audugar mata ta ishe ki. Kunyar nan ta ɗan fari ki ajiye ta a bakin ƙofar likita, ki tambayi duk abin da ke ranki. In kin dawo gida kika ga jini mai yawa, ko ruwa ya zubo, musamman kore, ko motsin yaron ya ragu, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ki koma a lokacin, ko tsakar dare ne.

Wata hajiya daga Birni ta ce surukarta ta cika wata tara cif da ganin wata, amma a likita an ce da saura, ko ta biya a sake ekografi a wani wuri?

Hajiya, ki riƙe kuɗinki. Lissafin likita sati 40 ne, kwana 280 daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Wata tara na ganin wata bai wuce kwana 266 ba, kin ga da sauran sati biyu. Kuma ekografin da aka yi a wata ukun farko shi ya fi daidai wajen sanin kwanan ciki. Na ƙarshen ciki yana iya kuskure har da sati uku. Sabon hoto ba zai gyara lissafi ba, sai dai ya ƙara rikita ku. Ranar haihuwa da ake rubutawa a karne ma kirdado ce, kusan yaro 1 cikin 20 ne ke zuwa a ranar.

Yanzu ga wasiƙar da ta hana ni barci. Wani magidanci daga wani ƙauye kusa da Mirya ya ce matarsa ta wuce kwananta da sati ɗaya, haihuwarta ta baya tiyata aka yi mata. Wani mai teburin magani ya ce yana da ƙwayar naƙuda da allura, duka jika biyar, sha yanzu magani yanzu. Yana tambaya wanne ya fi, ƙwayar ko allurar?

Malam, don girman Allah kada ka sayi ko ɗaya. Ka ɗauki matarka ka kai ta likita yau ɗin nan. Mace mai ɗinki a mahaifa, ciki ya kai sati 41, wurinta inda ake iya tiyata ne, ba ɗakin gida ba.

Bari in yi bayani, don ba kai kaɗai ba ne, abin ya zama ruwan dare. Ƙwayar da yake nufi misofurostol ce, wadda aka fi sani da Cytotec. Magani ne mai amfani ƙwarai, ana ba mace bayan yaro ya fito don tsayar da jini, ya ceci rayuka da yawa a karkara. Amma ƙwaya ɗaya awonta maikirogiram 200 ne. Abin da ake bayarwa don tada naƙuda a likita 25 ne kacal, kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayar, ana bayarwa ana sauraron bugun zuciyar yaro. Mai tebur zai miƙo maka guda, ko biyu ma, ya ce ta haɗiye. In ta haɗiye babu mai iya fiddo ta. Mahaifa za ta kama matsa ba hutu, alhali a ɗan hutun da ke tsakanin murɗa da murɗa ne jini ke kai wa yaro iska. Ba hutu, yaro ya galabaita. Mai tsohon ɗinki kuwa, ɗinkin ne ke ɓarkewa, shi ya sa ko a cikin likita ba a ba irin matarka wannan ƙwaya don naƙuda. In mahaifa ta fashe jini galibi a cikin ciki yake zuba, sau da yawa ba a gani daga waje, kuma kusan kilomita 20 ɗin da ke tsakanin Mirya da Damagaram sun yi nisa a irin wannan hali.

Allurar kuma ositosin ce, mai sa mahaifa ta matsa. Kafin yaro ya fito ba a tsira ta a cinya ko ɗuwawu, a cikin ƙarin ruwa ake sa ta, ana ƙirga ɗigo, in abin ya yi yawa a rufe nan take. Sannan magani ne na firji, sanyin digiri 2 zuwa 8 yake so. Ku dubi teburin da ke shan rana a bakin Kasuwar Dole a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Kwalbar da ta yi makonni a wurin, ko ta mutu, ko ta rage ƙarfi, ko ma tun asali jabu ce aka manna mata takarda. Ita ma ƙwayar, da an ɓalle ta daga maƙunshinta ta sha iska, lalacewa take farawa. Ka ga ke nan in maganin na gaske ne haɗari, in jabu ne asarar kuɗi da ɓata lokacin da ya kamata a ce kuna likita.

A shekarun da na yi a ɗakin haihuwa na karɓi wata da aka kawo da asuba a amalanke, haihuwarta ta shida. An yi mata allura biyu a gida. Danginta suna cewa naƙudar ta lafa, ta samu sauƙi. Ba sauƙi ba ne, mahaifa ce ta fashe. An ceci uwar da ƙyar bayan an cire mahaifar, yaron kuwa ya riga ya koma. Har yau ina tuna mijin zaune a ƙasa riƙe da zanen goyon da ya sayo. Abin da ke ci min rai shi ne, za a kashe jika ɗari a ragon suna da atamfar fitar suna ba a ji komai ba, amma kuɗin motar zuwa likita sai a tsaya ana lissafi, a ce bari a gwada na mai tebur tukuna. Tun ciki na wata bakwai ya kamata maigida ya ware kuɗin mota, ya riƙe lambar mai adaidaita ko direban da zai ɗauka ko ƙarfe nawa ne, ya kuma san ɗan uwan da zai ba da jini in an buƙata.

Wata daga Sabon Gari tana tambaya a kan dabino, abarba, man zurma da maganin zaƙi. Dabino ki ci abinki in ba ki da ciwon suga, abinci ne mai kyau, amma ba shi zai fiddo yaro gobe ba. Abarba da tsadarta a garin nan, ki saya don marmari kawai. Man zurma zawo zai sa ki, ya tsotse miki ruwan jiki a lokacin da kike neman ƙarfi, ki bar shi. Jiƙon zaƙi da ake sayarwa a gora kuwa, mai sayarwar ma ba zai iya faɗa miki yawan abin da ke ciki ba, wasu saiwoyin kuma suna matsa mahaifa sosai. Ki yi tafiya da safe da yamma, ki sha ruwa, ki kula da motsin yaron.

Ta ƙarshe daga Karkada: tunda dekolman ɗin nan da yatsa ne kawai, ungozomar unguwa ba za ta iya yi a gida a huta da layin awo ba?

A'a. Wannan tambaya ma bai kamata ta taso ba. Ina girmama ungozomomi, amma wa ya duba inda mabiyi yake? In yana ƙasa aka sa yatsa, jinin da zai ɓalle ba a tsayar da shi a gida. Ga ƙwayoyin cuta daga hannu zuwa mahaifa. Haka nan duk wadda ta ce a yi yankan gishiri don hanya ta buɗe, a hana ta, reza a wurin nan jini take jawowa da yoyon fitsari. Ki bi layin, in kin kai sati 41 kuma kada ki bar wurin sai sun faɗa miki ranar da za a tada naƙudar da inda za a yi.